Fanka Ba Ta Ƙera Sanyi: Yadda Faifan Ajiya Zai Tsallake Bazarar Zagga

A takardar bayanin da ke zuwa da yawancin akwatunan ajiya na gida na kamfanin Synology, akwai wani layi da masu saye ba su cika dubawa ba. Layin ya ce a yi amfani da na'urar a wurin da zafinsa bai wuce digiri 40 a ma'aunin Celsius ba. Ga wanda zai ajiye ta a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, wannan iyaka ba abin damuwa ba ce. A Zagga kuwa, cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, digiri 40 ba wani labari ba ne daga watan Maris zuwa Mayu. Haka inuwa take kaiwa bayan azahar. Shagon da aka rufa da kwano babu silin yakan wuce haka nesa ba kusa ba.

Ma'ana, akwai watanni a shekara da akwatin yake aiki a wajen sharaɗin da aka ƙera shi a kai, tun kafin faya-fayan da ke cikinsa su fara juyawa su ƙara nasu zafin.

Me akwatin ajiya yake yi a Zagga?

Akwatin da ake kira NAS ƙaramar kwamfuta ce marar allo, wadda ake zura wa faifan ajiya ɗaya ko biyu ko huɗu, irin wanda 'yan kasuwa ke kira had-dis. Ana jona ta da rauta, sai duk wayar da ke kan Wi-Fi na gidan ko shagon ta iya zuba hotuna da bidiyo a ciki ko ta kwaso, ba tare da an taɓa data ba. Synology da QNAP, duka na ƙasar Taiwan, su ne sunayen da suka fi fice. Akwai kuma masu haɗa nasu da tsohuwar kwamfuta ko Raspberry Pi, su ɗora manhaja kyauta irin su TrueNAS ko OpenMediaVault.

Dalilin da ya sa matasa suka fara waiwayar wannan hanya a bayyane yake. Tun ranar 1 ga Yunin 2021 Google Photos ya daina karɓar hotuna kyauta ba iyaka, ya mayar da kowa kan gigabayit 15. A Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Ɗora bidiyon biki mai tsawon awa biyu a intanet ya zama kasuwancin masu hali, musamman a garuruwan bakin iyaka inda sabis ke zuwa yana tafiya.

Amma waɗanda maganar ta fi shafa sun riga Google Photos daɗewa a harkar. Su ne masu shagunan tura fina-finai da waƙoƙi da wa'azi a memori, da masu ɗaukar hoto da bidiyon bukukuwa. Yawancinsu ba su mallaki Synology ba. Abin da suke da shi faya-fayan USB ne masu kwanson roba, uku ko huɗu, an jibge wani a kan wani kusa da laftof. Wannan ma akwatin ajiya ne a aikace, sai dai babu fanka ko ɗaya a cikinsa, kuma duk abin da za a faɗa a nan ya fi hawa kansa.

Ba kuma dukkan abin da ke cikin faifan ba ne yake da daraja ɗaya. Fim ɗin Indiya fassarar Algaita, idan ya ɓace, za a sake samo shi a Birnin Kebbi ko Kano. Bidiyon ɗaurin auren da aka yi a wani ƙauye na hanyar Kaoje, ko tafsirin wani malamin gari da ya riga mu gidan gaskiya, ko waƙar wani makaɗin Dandi da aka ɗauka a taron suna a tsallaken iyakar Benin, waɗannan babu su a YouTube. Sau da yawa kwafi ɗaya ne tak a duniya, kuma yana kwance a kan faifan da ke gasuwa ƙarƙashin kwano.

Inda zafin yake fitowa

A cikin faifan ajiya akwai farantai masu sheƙi da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a kowane minti. A samansu akwai wani ɗan kai mai karatu da rubutu, wanda yake shawagi ba tare da ya taɓa farantin ba. Tazarar da ke tsakaninsu 'yan nanomita ce, gashin kai guda ɗaya ya fi ta kauri sau dubbai. Motar da ke juya farantan tana tafiya ne a kan wani siririn mai. Gogayyar farantan da iskar cikin faifan, da aikin motar, da allon lantarkin da ke ƙasa, su ne suke haifar da zafi.

Wutar da faifai ɗaya ke ci ba ta da yawa. Mai juyi 5,400 yakan ci wat 4 zuwa 5 yana aiki, mai 7,200 kuma wat 7 zuwa 9. Akwati mai faifai biyu gaba ɗayansa yakan tsaya tsakanin wat 15 da 20. Sai dai kusan duk wannan wuta zafi take komawa, kuma a cikin ɗan ƙaramin wuri. Shi ya sa faifan da ke aiki yake fin iskar ɗakin zafi da digiri 5 zuwa 10 ko da fanka na juyawa, ya kuma fi haka idan babu ita.

Zafi ba ya kashe faifai a rana ɗaya. Yana tsinka man motar ne a hankali, yana gajiyar da kayan lantarki, yana sa ƙarfe ya buɗe ya tsuke. Kamfanonin sun rubuta iyakarsu: faifan kwamfutar tebur yawanci digiri 60, WD Red Plus da Seagate IronWolf da aka yi musamman domin NAS kuma digiri 65. Wannan iyakar bakin rami ce, ba wurin zama ba. Inda faifai yake jin daɗinsa shi ne tsakanin digiri 30 zuwa 40 da 'yan kai.

"Ai Google ya ce zafi ba ya komai"

Duk wanda ya bincika wannan batu zai ci karo da binciken da injiniyoyin Google uku, Eduardo Pinheiro da Wolf-Dietrich Weber da Luiz André Barroso, suka fitar a 2007. Sun bi diddigin faya-fayai sama da 100,000, suka gano abin da ya ba mutane mamaki: a matsakaicin zafi, faifan da ya fi ɗumi bai fi saurin mutuwa ba, hasali ma waɗanda suka yi sanyi da yawa sun fi lalacewa. A 2014 kamfanin Backblaze na Amurka ya duba nasa faya-fayan sama da 34,000, shi ma bai ga alaƙa mai ƙarfi tsakanin zafi da mutuwar faifai ba.

Gaskiya ne, amma sai a duba inda aka yi binciken. Cibiyoyin adana bayanai ne da ake sanyayawa dare da rana. Faya-fayan Backblaze mafi yawansu suna aiki ne tsakanin digiri 20 zuwa 30 da 'yan kai. Wato mafi zafinsu bai kai iskar shagon Zagga da ƙarfe goma na safe a Afrilu ba. Kuma binciken na Google da kansa ya nuna cewa idan aka haura digiri 45 lissafin yana juyewa, musamman ga faya-fayan da suka shekara uku ko huɗu suna aiki. Tsofaffin faya-fayai a wuri mai tsananin zafi, wannan ai shi ne hoton kasuwarmu.

A yi lissafi mai sauƙi. Ɗaki ya kai digiri 43. Faifai ya ɗora 9, ya zama 52. Aka fara kwafar fina-finai terabayit guda zuwa wani faifan, ya ƙara 4 ko 5. Ƙura ta toshe rabin ƙofofin iska, ya ƙara wasu. Ba a ankara ba an isa bakin 60, inda yawancin akwatunan NAS suke kashe kansu don kare abin da ke ciki. Faifan USB mai kwanson roba ba shi da wannan dabara. Zai ci gaba da aiki har ranar da zai fara ƙarar ƙyas-ƙyas.

Kuma bazarar ba sauƙi take yi ba. A farkon Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, a cikin zafin da ya game yankin Sahel a wancan lokaci.

Ɗaki ya fi fanka

Abin da ya kamata mai akwati ya fara riƙewa shi ne, fanka ba ta ƙera sanyi. Iskar ɗaki take ja ta bi da ita ta kan faifai ta fitar. Idan iskar ɗakin digiri 44 ce, ko fanka goma aka jera, faifan ba zai sauko ƙasa da 44 ba. Mutum yana jin sanyin fanka ne saboda gumin jikinsa na bushewa. Faifai ba ya gumi.

Saboda haka babbar shawarar ba a kasuwa ake yanke ta ba, a cikin gida ne: wane ɗaki?

A nan tsohon gini ya fi sabo. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango, ko soro mai rufin azara da ƙasa, yana jinkirta zafin rana sa'o'i kafin ya ratso ciki. Shi ya sa tsofaffi ke komawa cikinsa da tsakar rana. Shagon bulo mai kwano tsirara kuwa tanderu ne, don kwanon yana ɗaukar zafi ya watso shi ƙasa kai tsaye. Bambancin da ke tsakanin waɗannan ɗakuna biyu a gida ɗaya yakan fi duk abin da fanka mafi tsada za ta iya yi. Alfanun NAS ke nan a kan faifan USB: ba dole ne ya zauna inda ake ciniki ba. Wayar sadarwa ta Ethernet tana kai mita 100 ba tare da ta rasa ƙarfi ba. Ana iya barin laftof da rauta a shago, a ja waya zuwa ɗakin ƙasar da ke baya, a bar akwatin can cikin duhu da shiru.

Wanda ba shi da wani ɗaki sai na kwano, silin shi ne abu na farko da ya cancanci kuɗinsa, ko na katako ko na zana. Shafa wa kwanon farin fenti daga sama yana rage zafin da yake sha. Rumfar zana ko inuwar darbejiya a ɓangaren yamma tana tare ranar la'asar, wadda ta fi kowace cin bango.

A cikin ɗakin ma wuri ya bambanta. Iska mai zafi sama take taruwa, don haka saman kabad kusa da rufi shi ne mafi munin wuri, duk da cewa nan ne mutane suka fi so saboda yara. Daɓen ƙasa ya fi sanyi amma nan ƙura take, nan kuma ruwa zai fara isa. Benci ko ɗan tebur mai tsayin gwiwa ya wadatar. Kada a jingina akwatin da bangon da rana ke duka. Kada a kulle shi cikin kabad ko durowa, domin iskar da ya fitar ita zai sake shaƙa. A ƙananan akwatunan Synology masu faifai biyu, fanka ɗaya ce a baya mai faɗin kusan milimita 92, tana jan iska daga gaba da gefe tana fitarwa ta baya. A bar mata tazarar taƙi guda tsakaninta da bango. Kada kuma a lulluɓe shi da ƙyalle don kare ƙura yana cikin aiki, abin da ake yawan yi wa talabijin da rediyo.

Wani kuskuren da masu sola ke yi shi ne tara komai a lungu ɗaya: inbata, batir, rauta, akwati. Wayoyi sun yi gajarta, an ji daɗi. Amma inbata tana fitar da zafin da ya ninka na akwatin, batir mai ruwa kuma yana fitar da tururin da ke cin ƙarfe. A raba su.

Bayan an gama da ɗaki ne fanka take da amfani. A manhajar DSM ta Synology, cikin Control Panel, sashen Hardware & Power, akwai zaɓin gudun fanka: na shiru, na sanyi, da na cikakken gudu. Sau da yawa akwati yana zuwa a kan na shiru, don an yi shi ne da tunanin mai barci a ɗaki ɗaya da shi a Turai. Daga Maris zuwa saukar damina a mayar da shi cikakken gudu. Fanka kuɗi kaɗan ce idan ta gaji. Masu faya-fayan USB kuma su daina jibga su. A tsayar da kowanne a gefensa, a bar yatsu biyu ko uku a tsakani, a sa ƙaramar fankar USB tana hura su. Wat biyu ko uku za ta ci, kuma tana sauke zafin da digiri da dama.

Wani abu a gefe, tunda shagon tura waƙa ba ya rabuwa da sifika: faifai ba ya son girgiza. A 2008 wani injiniyan kamfanin Sun Microsystems mai suna Brendan Gregg ya nuna a bidiyo cewa ko ihu aka yi a gaban jerin faya-fayai sai aikinsu ya yi jinkiri. Tebur ɗaya da sifika mai dukan ƙirji ba wurin ajiyarsu ba ne.

Hunturu: sanyi ya zo, ƙura ta biyo shi

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu zafi yakan yi sauƙi, sai mai akwati ya saki jiki. A daidai lokacin ne ake shirya masa matsalar bazara. Iskar hunturu tana ɗauko ƙura mai laushi kamar gari, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Fanka tana zuƙar ta wata uku, tana dasa ta a fuka-fukanta da ramukan iska da saman faya-fayai. Ƙura bargo ce. Ranar da zafin Maris ya sauka, akwatin yana sanye da shi.

Ƙurar ba ta shiga inda farantan suke, don faifai a rufe yake, sai wani ɗan ƙaramin rami mai matata da ke daidaita iskar ciki da ta waje. Wannan ramin ne ake rubuta wa gargaɗi a jikin wasu faya-fayai cewa kada a toshe shi, don haka a kula da inda ake manna takardar suna.

Shara ba ta da wuya. A kashe akwatin ta hanyar manhajarsa, a zare wuta, a fitar da faya-fayan ana lura da ramin da kowanne ya fito. A yi amfani da busasshen burushi mai laushi da abin hura iska irin na masu gyaran waya. A riƙe fuka-fukan fankar da yatsa lokacin hurawa, don juya ta da ƙarfin iska yana lalata ta. A hunturu duk sati biyu ko uku, sannan babbar shara guda a ƙarshen Fabrairu. A nan ne kuma ake gano baƙi: gizo-gizo, kyankyaso, har da tsaka, duk suna son ɗumin akwati. Wasu suna ɗaura yankin gidan sauro a bakin ramukan iska. Yana tare ƙwari da manyan ƙura, amma yana rage iska, kuma idan ba a wanke shi ba ya zama bango. Ya dace da hunturu, a cire shi a bazara.

Randa, firji da jiƙaƙƙen tsumma

Duk ɗan Arewa ya san yadda randa ke sanyaya ruwa, kuma a kan wannan hikima ce malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya gina tukunya-cikin-tukunya mai adana kayan miya, wadda ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Ba abin mamaki ba ne a yi tunanin ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan akwati, ko a juya masa fankar nan mai ruwa.

Tumatir yana son danshi. Allon lantarki ba ya so. A 2016 masu bincike daga Jami'ar Rutgers da kamfanin Microsoft sun duba faya-fayai sama da miliyan ɗaya a cibiyoyi tara, suka gano cewa laimar iska ta fi zafi kashe faifai a wuraren da ake sanyayawa da iskar waje, saboda tana cin mahaɗan lantarkinsa a hankali. Wannan ya shafi Zagga kai tsaye. Yankin Bagudo ƙasar Kogin Neja ce da fadamun shinkafa. Daga Yuni zuwa Satumba iska takan yi nauyi da laima, ga kuma zafin bai tafi gaba ɗaya ba.

A tsakiyar bazara, lokacin da iska ta bushe ƙayau, fanka mai ruwa tana iya sauke zafin ɗaki, kuma akwatin zai amfana matuƙar tana can gefe ba ta fesa masa kai tsaye. Da hadari ya fara haɗuwa amfaninta ya ƙare, sai illa. Firji kuwa babu lokacin da ya dace. Faifan da aka fito da shi daga sanyi zuwa iskar ɗaki zai yi raɓa ciki da waje kamar kwalbar lemo. Kamfanoni ma sun ƙayyade cewa kada zafin faifai ya sauya da fiye da digiri 20 cikin awa guda. Wanda ya ɗauko faifai a jaka bisa babur daga Bagudo da tsakar rana, ya bar shi ya huta a inuwa awa ɗaya kafin ya jona.

Wuta da agogo

Kebbi tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, kuma kamar sauran garuruwan karkara, mai son na'ura ta kwana a kunne sola yake dogara da ita. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu tana iya lalata fayil ko ma tsarin faifan gaba ɗaya. Tashin faifai daga tsaye kuma shi ne lokacin da ya fi jan wuta, kusan wat 20 zuwa 25 na 'yan daƙiƙu. Ƙaramar UPS mai wayar USB tana magance wannan: idan wuta ta tafi tana sanar da akwatin, ya rufe kansa cikin natsuwa.

Ƙananan akwatuna da yawa bolt 12 suke ci, sai wasu su ga ai batirin sola ma 12 ne, su jona kai tsaye. Batirin da ke caji yakan haura bolt 14, kuma wannan wutar har faifan take isa. Idan za a bi wannan hanya, dole a sa na'urar da ke tsayar da wuta a kan 12 daidai.

Dabarar da ba ta cin ko sisi ita ce agogo. Synology da QNAP duka suna da jadawalin kunnawa da kashewa. A Afrilu da Mayu, akwatin gida da ba a kasuwanci da shi ba shi da dalilin zama a kunne daga azahar zuwa bayan la'asar. Manyan ayyuka, irin su kwafar faifai sukutum, ko binciken lafiyar bayanai da akwatin ke yi lokaci-lokaci, a tsara su tsakanin ƙarfe biyu na dare da asuba, lokacin da iska ta fi sauka. Mai shago ba zai iya rufewa ranar kasuwa ba, amma zai iya hana kansa kwafar sabon kaya a daidai lokacin da mutum biyar ke jiran a tura musu. Akwai kuma saitin da ke sa faya-fayai barci idan an daɗe ba a taɓa su ba. Yana rage zafi da cin wuta, amma kada a sa shi minti goma ta yadda za su yini suna tashi suna kwanciya. Awa ɗaya ya fi.

Wane faifai za a saya?

Ga ɗaki mai zafi, faifai mai juyi 5,400 ya fi mai 7,200. Bambancin saurin ba zai bayyana ba a kan Wi-Fi na waya, bambancin zafin kuwa zai bayyana. Manyan faya-fayai da yawa yanzu cike suke da iskar heliyom maimakon iskar da muke shaƙa, fasahar da kamfanin HGST ya fara fitarwa kasuwa a 2013. Heliyom ya fi iska rashin nauyi kusan sau bakwai, don haka gogayya ta ragu, zafi ya ragu, kuma a liƙe suke ruf babu ramin da laima za ta bi. Tsadarsu ce matsalar.

SSD ba ta da abin juyawa, tana jure har digiri 70, ba ta damu da girgiza ba. Amma kuɗin terabayit ɗinta ya ninka, kuma tana da nata rauni da ba a cika faɗa ba. Ƙa'idar masana'antar ita ce ta riƙe bayanai shekara guda ba wuta a zafin digiri 30. Idan wurin ajiyar ya fi haka zafi, wa'adin yana raguwa. SSD da aka cika da bidiyon biki aka jefa a durowa ƙarƙashin kwano ba taska ba ce.

Sai na gwanjo, wanda shi ne mafi yawan abin da ke isowa daga Computer Village ta Ikeja ko kasuwannin Kano. Araha ba ta ado. Kowane faifai yana rubuta tarihinsa a wani tsari da ake kira SMART, kuma manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce a Windows, tana karanta shi cikin daƙiƙu. Lamba ta 9 tana nuna awannin da ya yi a kunne. Shekara guda awa 8,760 ce, don haka faifai mai awa 30,000 ya haura shekara uku, ya shiga rukunin da binciken Google ya ce zafi ya fi yi wa illa. Ko wannan ma ana iya murɗa shi: a farkon 2025 mujallar fasaha ta Heise a Jamus ta bankaɗo yadda wasu dillalai suka riƙa sayar da tsofaffin faya-fayan Seagate a matsayin sababbi bayan an goge awanninsu. Farashin da ya yi daɗi fiye da kima abin tambaya ne.

Lambobin da za a riƙa dubawa

Hannu ba ma'auni ba ne, kwanson roba yana ɓoye abin da ke ciki. A SMART, lamba ta 194 ita ce zafin faifai. Ana ganin ta a shafin akwatin ta burauzar waya, ana kuma iya saita shi ya aiko da saƙo idan zafi ya yi yawa. A duba ta da ƙarfe uku na rana, ba da safe ba. Ƙasa da 45, lafiya. Tsakanin 45 da 50 abin jurewa ne na 'yan sa'o'i a bazara. Idan kullum yana wuce 50, ɗakin ne bai dace ba. Lamba ta 5 da ta 197 kuma suna ƙirga gurabun da suka lalace ko suke shirin lalacewa a kan farantin. Sifili ake so. Da zarar sun fara hawa, a kwashe kaya.

Akwati mai faifai biyu da ke rubuta abu ɗaya a kan kowanne, wato RAID 1, yana sa mutum ya ji kamar ya tsira. Amma faya-fayan biyu ɗaki ɗaya suke, zafi ɗaya suka sha, sau da yawa rana ɗaya aka saye su. Idan ɗaya ya mutu aka sa sabo, wanda ya rage sai ya yi sa'o'i da yawa yana karatu ba hutawa kafin a gama kwafa, aikin da ya fi kowanne ɗumama shi. Idan hakan ta faru a Afrilu, a fara bayan isha'i, fanka na cikakken gudu.

Kafin nan ma, abin da ba a iya sake samowa ya kamata a ce yana da kwafi a wani gida daban. Ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi ta shiga gidaje ma, kuma gobarar kasuwa ba ta tambayar faifai nawa ne a akwati. Ba sai an kwafi komai ba. A ware babban fayil guda na bukukuwa da wa'azin gida da takardu, a zuba shi a faifan USB duk ƙarshen wata, a naɗe shi a leda mai zif tare da 'yan ƙullin silika da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, a kai shi ɗakin ƙasa na wani ɗan'uwa a Bagudo ko Illo. Duk wata uku a jona shi, a buɗe bidiyo biyu ko uku daga tsakiya, a tabbatar suna tafiya har ƙarshe.